Ranar da Na Kusa Binne Kawu Rabe da Ransa

Ba zan taɓa mantawa da satin ƙarshe na horon da muka yi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Katsina ba, ko da kuwa na so in manta, don danginmu ba za su bari ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin ɗakin gwaji. An tura mu asibiti wata uku, kowa da littafinsa da shugaban sashe zai sa wa hannu. In bai sa hannu ba, ba ka gama ba, sai dai ka ga ƙeyar 'yan ajinku. Shugaban namu Malam Mannir ne, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba. Shi a hankali yake yanka mutum, yana murmushi.

Ni kuwa a lokacin kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina. Tun ranar da na fara sa farar riga 'yan unguwarmu ta Ƙofar Guga suka koma kirana Likita, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. (Har cikin Keke Napep nake shiga da rigar, wai don kada ta yamutse a jaka.)

Ranar Talata Malam Mannir ya ce duk mai son sa hannu sai ya yi gwaji ɗaya shi kaɗai, tun daga ɗibar jini har fitar da sakamako. Sai ga Kawu Rabe, yayan mahaifiyata, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya shigo da takardar likita. Hawan jini ke ɗan damunsa, aka rubuta masa gwaji biyu. Yana ganina ya washe baki.

"Kowa ya matsa. Ɗiyata ce za ta ɗiba."

Na ɗaura masa roba, na soka allura sau ɗaya tak, jini ya zo. Kawu ya juya yana gaya wa mutanen da ke layi cewa wallahi ko ji bai yi ba, irin wannan hannu sai an je ƙasar waje. Ina ta jin daɗi har na cika kwalba ta farko, mai murfi shunayya, na juyo kan ta biyu mai jan murfi, sai na ga abin da ya rage a sirinji bai fi ɗigo uku ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ce Kawu miƙo ɗaya hannun. Amma ta yaya? Mutumin da ya gama yi mini kirari a gaban jama'a? Sai basirata ta motsa. Na ce ai jini jini ne, kuma duk daga jikin mutum ɗaya ya fito. Na juya baya, na buɗe mai murfi shunayya, na tsiyaya rabi cikin mai jan murfi. Har yaba wa kaina na yi.

Bayan kamar awa ɗaya na'ura ta fitar da takarda. Na duba, na sake dubawa. Sinadarin fotasiyam ya yi sama har ya wuce iyakar da muka taɓa gani a littafi, kalsiyam kuma kusan babu shi. Abu ɗaya da na riƙe daga aji shi ne, in fotasiyam ya yi yawa zuciya tsayawa take yi ba sallama.

Mai hankali zai kai wa Malam Mannir takardar. Ni waje na yi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na tarar da Kawu ƙarƙashin bishiyar bedi, ya miƙe ƙafa yana shan fura hankali kwance. Na fizge ludayin.

"Kawu kada ka motsa! Don Allah kada ka motsa!"

"Ke lafiya?"

"Zuciyarka ce. Kwanta kawai."

Mutumin da ya zo da ƙafarsa, a kan babur ɗinsa, nan take ya ce ai dama tun safe yake jin wani iri a ƙirjinsa. Na jawo keken marasa lafiya na ɗora shi. Na kira Mama a waya ina kuka, na ce ta zo yanzu yanzu in tana son ta tarar da ɗan'uwanta. Kafin minti ashirin Mama ta iso da ƙannenta biyu, hijabin ɗaya a baibai, suna salati. Kawu kuwa ya fara neman gafarar kowa, har da mai gadin asibiti da bai taɓa gani ba.

Hayaniyar ce ta fito da Malam Mannir. Ya karɓi takardar a hannuna, ya dube ta, ya dubi Kawu, ya dubi kwanon fura.

"Alhaji, kai ka shanye wannan?"

"Saura kaɗan," in ji Kawu da muryar mai barin duniya.

"To madalla. Ai mai wannan sakamakon tun ɗazu aka yi masa wanka." Sai ya juyo gare ni, da murmushin nan nasa. "Malama, daga wace kwalba kika tsiyaya?"

Innalillahi. Bai gan ni ba fa. Ko kusa da wurin ba ya nan. Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Mai murfi shunayya."

Bai ja ni gefe ba. A nan, gaban Mama da masu jinya da 'yan ajinmu da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ya yi bayani dalla-dalla. Ita wannan kwalba akwai maganin hana jini daskarewa a cikinta, shi wannan maganin cike yake da fotasiyam, kuma yana kame kalsiyam. An koya mana wannan tun shekarar farko. (Ina jin ranar ina bikin wata ƙawata.)

"Saboda haka Hajiya ki share hawayenki," ya ce wa Mama. "'Yarki ba ɗan'uwanki ta auna ba, kwalba ta auna. Kuma gaskiya kwalbar tana cikin mawuyacin hali."

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta a kunnena. Mama ba ta yi dariya ba. Kallo ɗaya ta yi mini, na san sauran bayanin sai mun je gida.

Aka sake ɗibar jinin Kawu, wata 'yar ajinmu ce ta ɗiba, don da na matso ya ɓoye hannunsa cikin babbar riga. Sakamako ya fito lafiya lau. Ya tashi daga keken da kansa, ya tambayi inda aka kai sauran furarsa.

Ranar Juma'a kowa ya karɓi littafinsa da sa hannu, ban da ni. Malam Mannir ya ce in ƙara wata guda, kuma duk ɗalibin da ya shigo sabo ni zan tsaya in gaya masa abin da ke cikin kowace kwalba, tare da labarin yadda aka yi na sani. Sau goma sha ɗaya na ba da labarin nan da bakina kafin ya ɗauki biro.

Abin da na koya shi ne, in jini bai isa ba, a sake soka allura, ko hannun waye. Kunyar allura ta biyu minti ɗaya ce. Wadda na zaɓa wa kaina kuwa, duk bikin da aka yi a danginmu sai an tashe ta, kuma Kawu da kansa yake kwaikwayon yadda na fizge ludayin.