Yadda Bayan Rigata Ya Samo Mana Kwalbati

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da mutanen ƙauyenmu suka tura ni taron kasafin kuɗi na ƙaramar hukumarmu. Har gobe in na tuna sai na rufe ido na girgiza kai, sannan na yi wa Allah godiya.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Babban Mutum, amma tsakaninmu da babban titi akwai wani kwari da muke kira Kwarin Gawo. Da rani ba ka ma kula da shi, yashi ne kawai. Da zarar damina ta sauka sai ya koma abin tsoro. Mota ba ta shigowa, amalanke sai an taru an tura, mai kai dabba kasuwa kuwa sai ya zagaya ta gonakin mutane ana zaginsa. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama cikin marka, a kan tabarma ake ɗauka a tsallakar da ita. Abin da muke nema bai wuce kwalbati ɗaya ba, kuma mun daɗe muna nemansa.

To, a shekarar sai aka yi sanarwa cewa kafin a tsara kasafin baɗi za a zauna da jama'a a sakatariya, kowane gari ya turo mutum ɗaya ya faɗi babbar buƙatarsa. Har daga Katsina za a turo wakilai, tunda can ake duba kasafin kafin a saki kuɗi. Kansilanmu ya ja mana kunne cewa abin da ba a faɗa a zauren nan ba, kada a sa ran ganinsa a takarda, sai dai a jira wata shekarar.

Aka taru a ƙofar gidan Baba Maigari ana shawarar wanda za a tura. Wasu suka ce Alhaji Idi mai sayen hatsi, amma aka tuna shi ba ya iya jimla biyu bai ɓata wa wani rai ba. Sai Baba Maigari ya nuna ni da sandarsa.

"Ga Malam nan," in ji shi. "Shi ya san yadda ake magana da manya."

Ni malamin firamare ne, kuma a gaskiya Allah ya ba ni baki (matata cewa take yi ya ba ni har da rabon maƙwabta). Duk ɗaurin aure ko saukar karatu a garinmu ni ake miƙa wa makirufo. Da Baba Maigari ya faɗi haka, na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, amma a ciki kaina ya gama kumbura.

Na ɗauki farar shaddata ta Sallah na kai ta har Daura aka buge ta, ta dawo tana ɗaukar ido. Sannan na zauna haddar gaisuwa. A tunanina, taron manya ba ya ɓaci sai ta wajen gaisuwa. Ka tsallake mai sarauta ɗaya, ko ka ambaci ƙarami kafin babba, shi ke nan ka jawo wa garinku baƙin jini. Na bi kansila na tambayo duk wanda zai halarta da muƙaminsa da sarautarsa. Na riƙa yi wa matata Hajara bita a tsakar gida tana tankaɗe.

"Malam," ta ce, "duk wannan na ji. Ina maganar kwarin?"

Na ce mata wannan ai a bakina take, ko daga barci aka tashe ni zan yi ta.

Ranar taron muka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Baba Maigari da dattawa tun da sassafe suka zagaya ta gonakin mutane a ƙafa don su sami mota a titi. Ni kuwa na tsaya jiran ruwa ya ɗauke saboda shadda, na ce Sale zai kai ni. Sale ɗan ƙanwar babana ne, ɗan acaba, kuma abokin wasana ne, don haka ba ya raga min.

Da muka iso bakin kwarin ya tsayar da babur ya leƙa.

"Malam, sauka ka taka da ƙafa. Ƙasar nan santsi gare ta yau."

Na dubi takalmina da na sha wahalar gogewa, na ce ba inda zan sauka, shi ba kullum yake bi ba? Ya ce to, bismillah. Mun shiga lafiya, mun kai tsakiya lafiya. A wajen haurawa ne tayar baya ta ƙi, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, babur ɗin ya zame ya wuce ya bar ni. Na ji ni zaune daɓas cikin jan taɓo, har na kishingiɗa.

Na miƙe da sauri na duba gabana, fes, ko ɗigo babu. Na juya wa Sale baya na ce ya duba min.

Ya duba, sannan ya ce, "Kaɗan ne."

"Ka tabbata?"

"Wallahi in ka jingina da bango ba mai gani."

(Wannan maganar ta biyu ita ya kamata ta farkar da ni, amma mai sauri ba ya sauraro.) Komawa gida na nufin sake tsallake kwarin, ga lokaci ya ƙure. Na wanke hannu da takalmi a wani ɗan ruwa da ya kwanta, na naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, muka wuce.

Mun tarar zauren ya cika. Manya na jere a babban teburi, ciyaman a tsakiya, kusa da shi wata Hajiya mai tabarau wadda aka ce ita ce ta jagoranci baƙin Katsina. Na lallaɓa ta jikin bango na sami kujerar ƙarshe na manne. Mai gabatarwa ya yi bayani cewa garuruwa da yawa ne, don haka kowa 'yan mintuna kaɗan zai samu. Ya ɗaga wata ƙararrawa irin tamu ta makaranta ya ce da zarar an ji ta, magana ta ƙare, ko wane ne.

Wakilan da suka riga ni duk na raina musu. Mutum ya tashi ya ce salamu alaikum, ina gaida manya baki ɗaya, mu rijiyarmu ta lalace, ya koma ya zauna. Na ce a raina, kai, waɗannan ba su san taro ba. Yau za a ga bambanci.

Da aka kira sunan garinmu na tashi na bi bango a karkace har gaba. Allah ya taimake ni wurin tsayawar yana gefe, manya a damana, jama'a a haguna, bango a bayana. Na karɓi makirufo na gyara murya.

Na fara da ciyaman, na yi masa addu'ar gamawa lafiya, zauren ya amsa da amin. Na koma kan hakimi, na ce Allah ya ja zamaninsa, na ɗan taɓo kirarin gidansu, na ga fadawansa suna gyaɗa kai. Na gaida Hajiya da tawagarta, na yi musu sannu da hanya, na roƙa musu komawa lafiya. Na bi mataimakin ciyaman, da sakatare, da kansiloli ɗaya bayan ɗaya kowa da mazaɓarsa. Amin ɗin da ake amsawa daɗi yake min kamar ana zuba min zuma a kunne. Na hango Baba Maigari yana min alama da hannu, na ɗauka cewa yake in ƙara wuta. Na shiga dagatai da limamai. Ina cikin shugabannin sassa sai na tuna na tsallake babban limamin Juma'a, na nemi afuwa na koma na gaishe shi da kyau, na dawo na ɗora daga inda na tsaya. Har shugaban mahauta bai tsira ba.

Da na tabbatar ban bar kowa ba, na ja numfashi na ce, "To, ranku ya daɗe, abin da ke tafe da mu…"

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ni da nake kaɗa wa yara ita kullum ban taɓa sanin haka take da zafi ba. Mai gabatarwa ya matso ya zare makirufon daga hannuna cikin ladabi, ya ce, "Mun gode wa Malam da wannan gaisuwa mai tsawo. Gari na gaba."

Na dubi inda dattawanmu suke. Baba Maigari ya dafa goshi da hannu. Alhaji Idi kuwa kallona yake irin kallon da ake wa akuyar da ta shiga rumbu. A nan na gane abin da na yi. An aiko ni gaisuwa da roƙon iri, na yi gaisuwar na dawo ba iri. Wata shekara guda ta ɗaukar mata a tabarma, saboda bakina. Cikin ruɗewar nan na manta sarai da bango.

Na tako tsakiyar fili na fuskanci manya na rusuna don in yi sallama. Wato na juya wa jama'a baya.

Da farko wani ne ya ce "Subhanallahi" daga baya. Sai dariya ta ɓarke kamar an buɗe famfo. Na juya da sauri in ga me ya faru, wanda ke nufin yanzu manya na ba wa bayan. Na ji ciyaman ya yi wani irin tari. Wani kansila ya kifa kai a teburi. Ashe abin da Sale ya kira kaɗan ya fara ne daga wuyan riga har gefenta na ƙasa, jan taɓo ya bushe ya yi ɓawo, har da ciyawa a manne (daga baya aka ce min akwai ma sawun tafin hannuna guda biyu, inda na riƙa shafawa ina dubawa). Na tsaya ina juyi a tsakiya, duk inda na fuskanta ɗaya ɓangaren na dariya. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta cire tabarau ta jawo makirufon gabanta.

"Malam, tsaya. Wace hanya ka biyo haka?"

Duk haddar da na yi ta gudu. Na ce, "Kwarin Gawo, ranki ya daɗe. Hanyar garinmu ke nan, ba mu da wata."

"Yau ɗin nan?"

"Yau da safe."

"Motoci fa, ta ina suke bi?"

"Ba sa bi, ranki ya daɗe, sai rani. Mara lafiya ma ɗaukarsa muke yi a tabarma. Kwalbati aka aiko ni in roƙa, na tsaya gaisuwa."

Sai ga muryar Sale daga bakin ƙofa: "Hajiya, ni na ɗauko shi! Shi ma ya yi sa'a, shekaranjiya da buhun gero na faɗa!"

Aka sake kwashewa da dariya, amma wannan karon ta fi sauƙi. Hajiya ta juya wajen injiniyan ayyuka ta tambaye shi ko ya san wurin, ya ce ya sani. Ta ce a rubuta, a je a duba. Sannan ta dube ni ta ce, "Ba alkawari na yi maka ba, Malam, rubutawa aka yi. Amma gani ya kori ji. Je ka zauna, kada ka jingina da kujerar mutane."

A hanyar komawa ba wanda ya yi min magana sai Alhaji Idi, shi ma cewa ya yi da an san haka ne da rigar kawai aka aika. Hajara kuwa da ta ga bayan shaddar sai da ta zauna a kan turmi don dariya, tana share hawaye tana cewa ai ta tambaye ni ina maganar kwarin.

Watannin da suka biyo baya ban sha da daɗi ba. Duk wanda ya ci karo da ni sai ya ce Malam, ina gaisuwa, sannan ya tambayi kwalbati. Aka ce kasafi ya tafi Katsina, aka ce ya dawo, aka ce akwai mu a ciki amma kuɗin bai sauko ba tukuna. Na daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Sai wata ranar Talata cikin bazara, ina aji ina koyar da lissafi, na jiyo ƙugin tifa daga wajen kwarin. Na fito har da alli a hannu. Yashi ta sauke, wata na biye da ita da siminti da rodi. Na daɗe a tsaye ina kallo, na yi ajiyar zuciyar da na riƙe tun ranar taron nan. Kafin ruwan farko an gama.

Yanzu mota har ƙofar gidan Baba Maigari take zuwa cikin marka. A takardar hukuma ban san sunan da aka ba wurin ba, amma 'yan acaba "Mazaunin Malam" suke ce masa, kuma na haƙura. Shaddar tana nan a ƙasan akwati, jan bai fita duka ba.

Abin da na koya shi ne, in an aike ka wurin manya, fara sauke saƙon, gaisuwa ba ta guduwa. In kuma abokin wasanka ya duba bayanka ya ce kaɗan ne, nemi wani ya sake dubawa.

Bana da aka sake sanarwar taron, na yi zaton Alhaji Idi za a tura. Sai Baba Maigari ya sake nuna ni da sanda.

"Kai za ka koma," in ji shi. "Rufin asibitinmu ke yoyo. Ka kwana a ciki ranar da aka yi ruwa, da safe ka wuce taron yadda kake. Ba sai ka ce komai ba."