Nasihar Uba a Opera

A gidanmu na Kwarbai ni ke zaɓen kaset ɗin bidiyo na ranar Juma'a, ni ke kuma fassara wa mata fim ɗin Indiya. Da na shiga jami'a a Samaru, sai na ga mun wuce Indiya. Na aro kaset ɗin opera wurin wata malamarmu, wato wasan Turawan nan da ake rera kowace magana da waƙa. Ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Na dai zaɓi mai hoton budurwa riƙe da fure.

"Kina jin yarensu kuwa?" in ji Goggo, ƙanwar babanmu.

"Irin wannan da zuciya ake ji, Goggo."

Italiyanci ne, ko kalma ɗaya ban tsinta ba, amma ban fasa fassara ba. Wani ƙato mai furfura ya fito yana rera wa budurwar waƙa, na ce mahaifinta ne, nasiha yake yi mata. Kakarmu har da share hawaye. "Allah sarki, uba na gari."

Can sai uba na gari ya rungumo 'yarsa ya sumbace ta a baki.

Kaka ta yi salati, ta lalubi takalmanta. Ranar aka ƙwace mini zaɓen kaset.

Tun ina kare kaina har na gaji. Har yanzu duk saurayin da ya yi sallama da ni a zaure, sai Goggo ta ɗaga murya: "Tashi, ga wani babanki nan ya zo nasiha!"