Rasuwar Shuɗiya, Wadda Ba Ta Taɓa Zuwa Kasuwa Ba

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma wata 'yar kunya da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan arziki da dukkan 'yan ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin takardun kuɗi, rasuwar Shuɗiya, takardar biyar ta tsohon kuɗi. Ta cika ranar Asabar da ta wuce da misalin ƙarfe tara na safe, a kan teburin ɗinkin maiɗakina, bayan gajeriyar jinya ta minti biyu. Ta rasu tana da shekara hamsin da biyu a duniya. Sa'ata ce, shekarar da aka buga ta aka haife ni.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, kuma suna da yawa domin ba ta cika fita ba, shuɗiya ce shar, da hoton jirgin ruwa a gaba da wata babbar bishiya a baya. Tun da aka canja kuɗi ba ta iya sayen ko ƙullin gishiri, amma hakan bai rage mata mutunci ba. A iya saninmu ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Ba ta taɓa faɗawa hannun mahauci ba, ba ta kwana a cikin safa ba, ba wanda ya taɓa rubuta lissafi a bayanta, ba a taɓa huda ta da allura ba. In ka shafa ta a hankali za ka ji tawadar ta ɗan taso, kamar jiya ta fito daga maɗaba'a. Ga ta da murya. In aka riƙe ta a gefe aka ɗan kaɗa kusa da kunne, sai ta ce ƙaras. Ba ta da surutu, kalmar nan guda ɗaya ce maganarta duka, amma na sha rufe shagona na gyaran agogo da wuri don in je gida in ji ta.

Ta rasu ta bar kundi uku masu ɗauke da takardu ɗari biyu da goma sha huɗu na ƙasashe daban-daban, da ƙannenta biyu, takardun ɗaya-ɗaya, waɗanda suka sha hannu har mutumin da ke jikinsu ya gaji da murmushi. Ta bar hantsakin da ake ɗaga ta da shi, da farar safar hannu, da madubin ido na gyaran agogo wanda ya fi ganin fuskarta fiye da cikin agogon mutane. A ɓangaren 'yan Adam, ta bar ni. Ta bar maiɗakina, tela, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana share ɗakin da Shuɗiya ke kwana ba tare da an yarda ta buɗe taga ba. Ta bar 'ya'yana uku da suka girma suna kallonta ta bayan leda, har babbarsu ta yi aure, yanzu haka tana da tsohon ciki, ba ta san yadda jikin Shuɗiya yake ba. Ta kuma bar mahaifiyata, Inna, wadda ke kiran wannan sana'a tamu tara shara.

Kafin in faɗi ciwon ajali, dole in yi wa baƙi bayanin yadda muke yi. A ƙungiyarmu ana ba kowace takarda maki daga ɗaya zuwa goma. Goma ita ce wadda take yadda aka haife ta, kusurwa huɗu a miƙe, ba tabo, ba ninki. In ta ɗan sha hannu sai ta sauko takwas ko bakwai. Wadda ta yi yawon duniya tana samun uku, ta ƙasa da haka kuwa tsumma muke ce mata, amma ba a gaban mai ita ba. Ba a taɓa takarda sai an wanke hannu an sa safa, ba a ɗora shayi a tebur, mai mura kuma ya zauna a gida. Manyan laifuffuka uku ne: wanke takarda, manne ta da salatef, da yi mata guga. Ni na rubuta dokokin nan da hannuna a littafin ƙungiya, har na ja layi biyu a ƙarƙashin ta uku.

Na gaji Shuɗiya ne daga mahaifina. Bayan rasuwarsa, muna kwashe kayansa, na same ta a tsakiyar wani tsohon littafi mai kauri. Tun ranar nake gaya wa duk mai kunnen ji cewa goma ce cif. Babu taron da ban faɗa ba. Wanda ya fi shan wannan waƙa shi ne Mai Kemis, abokina kuma abokin hamayyata, mai wata jar takarda da yake ji da ita. Na taɓa sa madubi na tono masa wani ɗigo a jikinta wanda ko ƙuda ba zai gani ba, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

To, yau ranar faɗin gaskiya ce. Shuɗiya tana da kunne. Kusurwarta ta sama, ta hannun dama, a lanƙwashe take kaɗan, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da shi na same ta. Shekara goma sha ɗaya ina rufe wurin da 'yar takardar da ke ɗauke da lambarta a jikin leda, ina kuma hana kowa zaro ta da hujjar iska tana mata illa.

Ciwon ya fara ne ranar da ƙungiya ta yanke shawarar cewa surutu ya isa. Aka sa rana kowa ya kawo gwanarsa, a zare ta daga leda, a miƙa wa Alƙali, wadda ta fi maki a kafa ta a bangon ɗakin taro shekara guda da sunan mai ita a ƙasa. Alƙali dattijo ne da ya yi shekara talatin da biyar a bayan kantar banki. Idonsa ya yi rauni yanzu, da yatsa da kunne yake aiki, kuma shi kaɗai aka yarda ya taɓa takarda ba safa. Tun da aka sa ranar abinci ya daina min daɗi. In na sa madubi in gyara agogo, sai in ga kunnen nan yana leƙo ni.

Ranar Asabar da safe maiɗakina ta fita sayo zare. Na rufe ƙofa, na shimfiɗa farin hankici a teburinta, na kwantar da Shuɗiya, na miƙe kunnen da hantsaki, na rufa mata wani hankicin. Na jona dutsen guga a lamba ɗaya, na ɗora na ɗaga. Layin ninkin yana nan. Na ce to ɗan ruwa kaɗan, na yayyafa da yatsa. Na murɗa zuwa lamba uku, na danna da ƙarfina na bi ta duka don kada gefe ɗaya ya fi wani. Ta ce tsss. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe, kuma ban taɓa jin ta yi irinta ba.

Ina tsaye da dutse a hannu maiɗakina ta turo ƙofa, ta manta jakarta. Ta dube ni, ta dubi tebur.

Ta ce, "Malam, shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin ka riƙe dutsen guga ba. Wace mai sa'a ce wannan?"

Na ce, "Hankici ne."

Ta ce, "To Allah ya ba hankici lafiya." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da na ɗaga hankicin sai na ga Shuɗiya ta kwanta sumul, har wani ƙyalli take yi. Murna ta hana ni kaɗa ta in ji. Ashe ta riga ta cika. Haka na sa gawa a leda, na sa babbar rigata, na tafi taro da la'asar ina gaisa da mutane da hannu biyu.

Alƙali ya fara da jar takardar Mai Kemis. Ya shafa, ya kaɗa, ya ce tara. Na yi masa tafi irin na manya. Aka zo kan Shuɗiya. Dattijon ya goge yatsunsa, ya karɓe ta, ya kai ta kunne ya kaɗa. Shiru. Ya canja kunne ya sake kaɗawa. Sai ta yi laƙwas ta kwanta a kan yatsansa kamar ganyen da ya sha rana.

Ya ce, "Mai Agogo, wannan baiwar Allah yaushe ta daina magana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tana da kunya a cikin mutane."

Ya kai ta hanci. "Sitaci nake ji. Akwai tela a gidanka?"

Ya bi jikinta da ɗan yatsa, ya ce tawadar duk ta kwanta. Da ya isa kusurwar sama sai ya tsaya.

Ya ce, "Ga gurbin kunne nan. Bai tafi ba, ai ninki ba ya tafiya, lafewa yake yi. Huɗu na ba ta, ita ma don girman shekarunta. Da ka kawo min ita da kunnenta, da tara da rabi za ta ci."

Tara da rabi. Ina roƙon mai karatu ya tuna cewa Mai Kemis tara ya samu. Garin neman gira na rasa ido. Shi kuwa Mai Kemis ya cire hula ya zo ya yi min ta'aziyya, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya buɗe littafin ƙungiya ya roƙe ni in taimaka in karanta masa doka ta uku, wai rubutun ya yi masa ƙanana. Na karanta. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma jama'a sun yi dariyar da suka daɗe suna bina.

Na ɗauka wannan shi ne iyakar rashin, sai washegari da hantsi Inna ta zo, don an gaya mata na ƙi cin abinci. Ta zauna a kujerar falo tana ɓare lemo, ta ce a kawo mata abin da ake wa kuka. Na miƙo da hantsaki, ta ture hantsakin ta karɓa da hannun lemon. Ban hana ta ba, ai mai rai ake wa tsaro. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya.

Ta ce, "Ina kunnen?"

Na ce, "Inna, kin san da shi?"

Ta ce, "Yo a gabana aka yi shi. Ranar da aka haife ka aka biya mahaifinka albashi, sababbi fil. Ya zare wannan, ya lanƙwasa mata kunne, ya ce, wannan ta yaron nan ce, duk wanda ya ga kunne ya mayar. Shekarar da aka sallame shi daga aiki, sau biyu ina buɗe littafin nan tukunya ba komai. In na ga kunnen sai in rufe. Muna kallonta har aka canja kuɗi."

Na zauna a ƙasa. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɓoyewa, shi ne dalilin da ya sa ba ta taɓa zuwa kasuwa ba, kuma shi kaɗai ne wurin da yatsan mahaifina ya bar alama. Na yi kuka sosai, na gaske, ba irin na ranar Asabar ba. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo min ɓarin lemo.

Ta ce, "Kai da ubanka duk ɗaya kuke. Shi ya ajiye kuɗi har suka tashi aiki, kai kuma ka bi su da dutsen guga. Ci."

Na ci.

Za a yi jana'izar Shuɗiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma a falon gidanmu. Za a kwantar da ita a tebur ba leda. Ba a buƙatar safar hannu, ba sai an wanke hannu ba, mai mura ma ya zo. Za a buɗe taga, kuma za a sha shayi a kan teburin. 'Ya'yana uku su za su fara taɓa ta, sai maiɗakina, sai sauran jama'a. An ware wa Mai Kemis minti biyu ya yi jawabi, ana roƙonsa kada ya zo da littafin ƙungiya. Iyali sun yafe wa dutsen guga, tunda shi ɗan aike ne. Muna godiya ga waɗanda suka yi tayin nemo min wata irinta, amma a bar shi, ba a sayar da irinta.

Bayan kowa ya taɓa, Alƙali zai laluba ya nuna gurbin, Inna kuma za ta mayar da kunnen inda yake da yatsanta. Daga nan za a sa marigayiyar a makwancinta, tsakiyar littafin mahaifina, a shafin da na ɗauko ta.

Ba za ta kwanta ita kaɗai ba. Jiya na je banki na roƙi sabuwar takarda fil, wadda ba ta taɓa zuwa ko'ina ba, mai cewa ƙaras tun daga nesa. Ta jikan da muke jira ce. Na cire safa, na rufe ido, na lanƙwasa mata kunne da hannuna, kuma ina shaida wa 'yan ƙungiya cewa ban suma ba. Duk wanda ya buɗe littafin ya ga kunne, ya mayar. Alƙali ya riga ya duba ta, ya ba ta tara da rabi.

Sanarwa daga Mai Agogo, a madadin iyali.