Ganyen Masarata a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da wahalar aikin makarantar Hauwa'u ba. Ni manomi ne a Bomo, karatuna bai wuce firamare ba, amma sai da aka ja ni cikin harkar kwamfuta.

Hauwa'u 'yata ce, tana sakandare a Samaru. Malaminsu ya ba su aiki su koya wa kwamfuta bambanta ganyen masara mai lafiya da mai ciwo. Wai hotuna ake nuna mata har ta gane. Wanda nasa ya yi kyau za a kai shi gasa Kaduna, yarinyar nan ko barci ba ta yi saboda son zuwa.

Ta miƙo min waya. "Baba, ranar Asabar ka ɗauko min hotunan masu lafiya a gonarka, Lahadi masu ciwo. Ka ga wurin dannawa."

Asabar na yi. Lahadi na tsaya gaban ganyen da tsutsa ta cinye, na ce haba! Gonata za a haska wa mutanen Samaru a haka? Sai na koma kan masu kyau, har ina goge su da hannun riga. (Kar ka yi dariya, kai ma ba ka nuna wa baƙo bayan gidanka.) Ita kuma da aka kawo wuta, ta zuba su cikin kwamfuta a gurguje, ba ta duba ba.

Ranar nuni na sa babbar riga, na zauna layin gaba. Malamin ya ɗaga ganye duk huji gaban kyamara. Allo ya rubuta: lafiya. Ya ɗaga wani kore shar. Allo ya ce: ciwo. Yara suka fara ƙus-ƙus.

"Hauwa'u, buɗe mana hotunan masu ciwon."

Ta buɗe. Ga su nan a bango, sai sheƙi suke yi. A ɗaya har da hannun rigata.

"Wa ya ɗauko waɗannan?"

Ta juyo ta kalle ni. Ni na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

Malamin ya ce, "Baba, ina masu ciwon?"

"Malam, ai ba su yi kyau a hoto ba."

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Wani dattijo a bayana ya ce, "Allah ya ba mu irin gonarka, Malam, ko tsutsa kunyarta take ji!" Hauwa'u dai ba ta yi dariya ba. Wannan ya fi komai ci na. Na bi malamin har ofis ina roƙo, da ƙyar ya ƙara mata mako ɗaya.

Ashe na'urar nan abin da ka ba ta shi take haddacewa, har da ƙaryarka.

Washegari bayan asuba na shiga gona ina farautar ganyen da ya fi muni. Maƙwabcina Tanimu ya leƙo ya ce, "Lafiya kake ɗaukar tsutsa hoto?"

Na ce, "Kai dai riƙe min ganyen nan da kyau. Kaduna za ta."