Ramukan da Na Toshe

Na gaji da wannan labari, amma gara ku ji shi daga bakina.

Tsohuwar motar nan mai gado da kicin a ciki, wani Bature malamin jami'a ya bar wa mahaifina. Da na ɓalle ƙarfen adon gefenta, sai na tarar tsatsa ta cinye ƙarƙashinsa. Matata Saratu ta ce in kai wa Oga Chidi, mai gyaran jikin mota a Sabon Gari. Na tuna mata shekarata ashirin ina koyar da kimiyya a Samaru, tsatsa kuwa darasin 'yan aji biyu ce.

Na goge da samfefa, na kwaɓa fila, ƙullin liƙe jikin mota, na toshe duk ramin da idona ya gani. Har da wasu shida can ƙasa, a jere, girmansu ɗaya. Na ma yaba wa tsatsar da iya tsari.

Damina ta sauka. Kafin Agusta, in na taka birki sai motar ta yi ƙara kamar jarkar da ba ta cika ba. Dole na lallaɓa Sabon Gari.

Oga Chidi ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. "Malam, waɗannan ai kamfani ne ya huda su. Ta nan ruwa ke fita." Ya tsokani ɗaya da ƙusa. Ruwan wata uku, jajawur, ya kwararo mini a takalmi, masu walda suka ajiye aiki suna kallo.

Har yau, duk ranar da famfo ya ɗauke, Saratu kan miƙo mini bokiti, ko murmushi babu: "Malam, a tatso mana motar."