Bismillah Bakwai a Layi Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tashi nuna wa Bappa Hammadu gwaninta ba, Allah kuwa Ya nuna mini iyakata.

Ina aikin buga takardu ne a wani shagon kwamfuta a Sabon Layi. Mai shagon, Madam Rifkatu, 'yar Michika ce, ni kuma aka bar wa duk aikin da ya shafi ajami, tunda da allo na fara kafin boko. Manhajar ajamin tsohuwa ce, ba ta tashi a sabuwar kwamfuta. Sai Madam ta gina mini wata kwamfutar ta ƙarya a cikin ta gaskiyar, kamar ɗaki a cikin ɗaki. Ta kuma koya mini ɗaukar sinafshot, wato ka adana yadda kwamfutar cikin take a wannan lokacin, in abu ya lalace ka dawo da ita daidai wurin.

Aikin da ke hannuna na gida ne: tarihin zuri'armu da kakanmu ya rubuta. Gara ta cinye rabin takardun, ba mai iya cike gurbin sai Bappa, ƙanin mahaifina. Sati shida dattijon nan yana hawo keke napep daga Lamorde, da ciwon gwiwarsa, yana karantowa ina bugawa.

Sinafshot na farko na ɗauke shi tun ranar da aka gina kwamfutar, kafin ma a sa mata manhajar, daga nan kuma duk ƙarshen sati nakan ɗauki wani. Kwamfutar takan nemi a sa masa suna, ni kuma ban saba fara abu da komai ba sai sunan Allah, don haka sai in rubuta Bismillah. (Madam ta ce in riƙa sa kwanan wata. Na ce mata to, irin "to" ɗin da ake ce wa likita.)

Ranar da muka gama, na ɗauki na bakwai. Bappa ya ce, "Yanzu in na'urar nan ta haɗiye aikin fa?"

Da na ce masa ba komai na yi shiru, da an rabu lafiya. Sai na gyara hula na ce, "Bappa, kalli ikon ilimi." Na goge littafin gaba ɗaya a gaban idonsa, har kwandon sharar na zubar. Masu jiran fotokwafi suka matso.

Na buɗe wurin dawo da aiki. Ga Bismillah bakwai a jere, layi ɗaya, ba mai bambanci da ɗan'uwansa. Idona kuwa, da ya ga Bismillah, sai ya koma makarantar allo: ya fara daga dama ya ƙare a hagu. Na ce na ƙarshen hagu shi ne na yau. Na danna.

Kwamfutar ta tashi fes, kamar ranar da aka haife ta. Babu littafi, babu ko manhajar.

Gumi ya tsattsafo mini har cikin hula. Na fara salati a hankali, sannan da ƙarfi. Bappa ya leƙa ya ce, "Ina kakan naka?"

Na ce, "Bappa, komai na Allah ne."

"Na sani. Gwiwata ma tasa ce, amma ni ke jin ciwon."

Wata mata mai jiran takardunta ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa bango. Madam ta taso ta duba ta ce, "Malam, wanne ka danna?" Na nuna mata.

"Wannan ai na ranar farko ne. Kwamfuta daga hagu yake farawa, ba almajirinka ba ne."

Ta danna na dama. Minti biyu, ga littafin ya dawo, har da addu'ar rufewa. Bappa bai yarda ba sai da na karanto masa sunayen kakanninmu bakwai, sannan ya sa aka buga masa a takarda nan take, ya cusa cikin babbar riga ya riƙe da hannu biyu.

Yanzu kowane sinafshot kwanan wata nake sa masa, Bismillah kuma da baki nake yin ta, inda ladan yake. Na kuma daina goge abu don a kalle ni. Sai dai Bappa bai bar zancen ba. Ko a Sallar da ta wuce, na kai hannu kwanon tuwo na yi Bismillah, ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya tukuna. Ta dama ka yi ko ta hagu?"