Kyaftin ɗin Tudu Ya Samu Teku

Wanda bai ga Malam Anacleto Frazão yana koya wa yara kalmomin jirgin ruwa ba, bai ga gwaninta ba. Shi ne shugaban firamaren garinmu, can tsakiyar Portugal, inda babu ruwan da ya fi na kwamin alfadarai girma. Amma gwarzon namu, a faɗarsa, jikan matuƙan da suka kai tuta Indiya ne. Yara suka laƙaba masa Kyaftin ɗin Tudu. Da labari ya kai masa sai ya riƙe rabin farko na sunan, ya ba da ɗinkin hula mai baki irin ta kyaftin.

Lissafi kuwa ya sha hutu a ajinsa. Da safe Malam zai haye tebur, ya nuna taga da bulala, ya daka tsawa: "Anga!" Yara su amsa. "Kamfas! Tsibiri! Guguwa!" In an zo kan guguwa dole kowa ya yi tangaɗi, wanda bai faɗi daga benci ba bai ci darasi ba. Shi kaɗai ke tsaye ƙyam, hannu a ƙugu.

Burinsa ɗaya ne, a mai da shi Lisbon, ofis mai darduma. Saboda haka ranar da Sufeto Valadares ya zo duba makaranta, Malam ya saki baki.

"Ranka ya daɗe, teku uwata ce! Jinina ma gishiri ne. Ƙasashenmu na ƙetare na kukan malamai, ragwaye sun laɓe a gindin zaitun. Ni da za a ce in tafi, da ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba!"

Sufeto ya share ƙwalla, ya rungume shi. "Malam, kai muke nema! Akwai makaranta a Timor, duk wanda muka yi wa tayi sai ya ce ƙafarsa na ciwo. Tafiyar wata guda da ɗoriya ce kawai a kan ruwa."

Baki shi ke yanka wuya. Malam ya buɗe nasa zai gyara zance, tafin jama'a ya rufe shi. Kafin ya samo ciwon da zai fake da shi, magajin gari ya yanka alade, 'yan badujala sun kewaye gari, an ba wani kujerarsa. Matarsa Dona Perpétua har ta sayar da kaji.

A tashar Lisbon ya fara ganin teku ido da ido. Bai taɓa zaton ta kai haka faɗi ba, don a taswirar aji da tafin hannu ɗaya yake rufe ta. Ya hau tsanin jirgi da rarrafe. Yana shiga ɗaki ya ji ƙasa na lilo, kifin da ya karya da shi ya nemi hanyar komawa gida. Ya kwanta rungume da bokiti yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a san su da harkar ruwa ba.

Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya kamo hannun matarsa.

"Perpétua, in na cika kada ki yarda su jefa ni a ruwa. Ki shaida wa yara Kyaftin ya mutu yana fama da guguwa. Duba mini, mun wuce Afirka?"

Ta leƙa taga tana ɓare lemo.

"Maigida, ba a ma kwance igiya ba. Ga 'yan dako can suna loda akwatinka."